Yayana zai turo min Escalade daga Amurka, in sayar da filina in fito da ita?

Salam Kawu, barka da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne, ina da shagon kayan gini a Sabon Gari, gidana kuma yana Tudun Wada nan Zariya. Yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya ya daɗe a Houston ta Amurka, kwanaki ya kira ni yace yaga wata Cadillac Escalade ƙirar 2016 a gwanjo, zai saya min kyauta, ni kuma in biya kuɗin jirgi da na kwastan. Kuɗin da ke hannuna jari ne, sai dai in sayar da filina na Ɗanmagaji. Uwargida tace sam bata yarda ba, har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni kuma kunyar Yaya nake ji don shi ya ɗauki nauyin karatuna, gashi na riga na nuna hoton motar a majalisa. Yanzu Corolla nake hawa. Don Allah meye shawara?

Wa alaikassalam ɗana. Allah ya saka wa Yayanka da alheri, ba kowane ɗan uwa bane zai je can ya samu kuma ya tuna da na gida. Amma filin nan kar ka sayar. Na faɗa maka tun daga farko ne don kada ka bi dogon bayanin da zanyi kana laluben inda zan sassauta, bazan sassauta ba.

Kai Bazazzage ne, ka san mutanen da ake ba kyautar doki gab da sallah. Ranar da aka kawo shi murna, unguwa ta cika, washegari kuma sai maganar dawa da harawa da kanwa da yaron da zai riƙa share turke, kuma wanda ya bada dokin ba shi zai riƙa aiko da buhun dawa duk wata ba. Toh irin wannan kyautar ce Yaya zai maka, da zuciya ɗaya zai yi, amma cin ta a aljihunka zai zauna.

Motar dai mota ce, ban raina ta ba. Kamfanin General Motors, wato GM, ke yin ta a garin Arlington na jihar Texas, jihar da Yayanka yake, ƙashinta ɗaya da Chevrolet Tahoe da Suburban da GMC Yukon, injinta fulogi takwas ne mai lita 6.2, in ka taka ta a titin Kano sai ka manta da nauyinta ya haura tan biyu da rabi. Sitiyarinta ma a hagu yake irin namu, ba ruwanka da juya hannu kamar motocin Ingila ko Japan. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai an ƙera ta ne don mutumin da ke da garejin kamfani a kusa da gidansa, in ta yi tari ya kira waya a zo a ɗauka.

Fara da kalmar da ka faɗa da bakinka, gwanjo. Manyan gwanjon da mutanenmu ke saye a can su ne Copart da IAAI, kuma kaso mai yawa na motocin da ke wurin kamfanonin inshora ne suka kai su bayan sun yi lissafi sun ga gyaran bazai biya su ba. Wata haɗari tayi, wata sace ta akayi aka gano, wata kuma ruwa ta sha. Ta ruwan nan ita nake tsoro, musamman da kace Houston, garin da guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa, kuma yankin bai rabu da ambaliya ba. Motar da tayi haɗari kana gani da idonka, fanel bita ya buga a yi fenti. Wadda ta sha ruwa kuwa a hoto fes take, kujerun fata na ƙyalli, sai ta iso nan ta shekara sannan wayoyin ƙarƙashin kafet su fara tsatsa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta ƙi tashi, jibi fitilun dashbod su kama gaba ɗaya, mai rewaya ya bi waya har ya gaji. Don haka tun kafin a yi maganar ko sisi kace Yaya ya turo maka lambar VIN, wato lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, a duba ta a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motoci, a ga irin takardar da take ɗauke da ita, mai tsabta ce ko wadda inshora suka yafe, a ga mil nawa ta ci. Mil fa, ba kilomita ba, in kaga 120,000 a allo to ta doshi kilomita 193,000.

Sai kuɗin fitowa, wanda na lura a wasiƙarka baka faɗi adadinsa ba, kuma ina zargin kai ma baka sani ba, kawai ka ƙiyasta filin zai isa. Akwai kuɗin ɗauko ta daga filin gwanjo zuwa tashar jirgi, akwai na jirgin kansa wanda da girman mota ake yanka shi, ita kuma tsawonta ya haura mita 5, doguwar da ake ce wa ESV ma ta kusa 5.7. In ta sauka Tin Can a Legas sai kwastan. Tun 2022 da lambar VIN suke yi wa mota ƙima, wato ba ruwansu da cewa Yaya ya same ta da araha, kwamfutarsu Escalade ta gani kuma kuɗin Escalade zata yanka. A shekarar ne aka sa diyuti kashi 20 da wani haraji kashi 15 kan tsofaffin motoci, ga VAT kashi 7.5, ga ƙananan caji, kuma ana taɓa waɗannan ƙa'idoji lokaci zuwa lokaci. Abin da ya fi cizo shine duk lissafin da dala ake yi, kuma tunda aka saki naira a 2023 kuɗin da ejan mai fito da kaya daga kwastan ya faɗa maka yau ba lallai shi zaka biya ranar da jirgi ya iso ba. In kuɗinka ya gaza a ranar, motar na zaune a tasha kuɗin ajiya na hawa kullum, a nan ne mutum ke komawa ya taɓa jarin shagon da ya rantse bazai taɓa ba. Bayan nan ga ladan ejan, ga tirelar da zata kawo ta Arewa, ga lamba da inshora. In wani ya ce maka a biyo da ita ta Kwatano ya fi sauƙi, ka tuna gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa tun Janairun 2017, kuma irin wannan jif ɗin ba ya wuce shingen kwastan ba a tsayar da shi an nemi takarda ba.

A ce duk ka tsallake, ta iso Tudun Wada an sha kallo. Tankinta kusan lita 98 yake ci. In lita na naira 900 kaga dubu 88 da ɗoriya kenan cikawa ɗaya, ka sa farashin gidan man unguwarku na yau ka buga da kanka. A lissafin Amurka ma, da titinsu mai santsi, kilomita 6 da ɗan wani abu take yi da lita a cikin gari, kusan 9 a babbar hanya. Kai kuma hanyarka daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari ce, ka ratsa PZ, ka tsaya bayan 'yan Keke Napep, esi a kunne don watan Afrilu ba a zama cikin baƙin gilashi ba esi, toh bazaka ga wannan 6 ɗin ba. Corollarka da man da ya kai rabin haka take wannan zirga-zirgar. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai masu manyan injina da yawa suka koma ajiye su sai Juma'a da ɗaurin aure. Ga wani abu kuma, kamfanin fetur mai daraja ta sama ya so a riƙa zuba wa injin nan, a Amurka famfo uku zaka gani ka zaɓa, mu kuwa famfo ɗaya ne, abin da tankar ta kawo shi zaka sha, wani lokacin har da ruwa a gindinsa.

Amma duk wannan mai kuɗi zai iya jurewa. Inda ake kuka shine gyara, kuma a nan nake so ka nutsu.

Injin nan yana da wata dabara, in kana tafiya a miƙe ba ka takawa sai ya kashe silinda huɗu ya bar huɗu don rage shan mai. Tafet na musamman, wato ƙananan ƙarafan da ke tura bawul ɗin injin, ke wannan aikin kuma da ƙarfin baƙin mai suke motsi, shi yasa in man yayi datti ko yayi kaurin da ba nasa ba sai ɗaya ya maƙale, ka fara jin ƙas ƙas ƙas da safe, injin na rawa, in aka yi sakaci ya cinye kamshaf. An san injinan GM da wannan ciwon ko a can ƙasarsu, kuma ba a kai wa ga tafet ɗin sai an ɗaga kan injin. Man da kamfani ya rubuta mata 0W-20 ne mai tambarin dexos, wajen lita 7 da rabi duk sabis. Yanzu ka kai ta garejin da ka saba, da bakanikenka mutumin kirki wanda ya riƙe maka Corolla shekara da shekaru, me zai ce? Zai ce Alhaji wannan man ai ruwa ne, ƙasarmu da zafi, a zuba mai kauri 20W-50. In yaga allurar zafi ta ɗan motsa ya cire tamostat ya haɗa fanka dairek. Ba mugunta bace, abin da ya koya kenan a kan Peugeot da tsofaffin Toyota kuma sun jure masa. Wannan bazata jure ba.

Giyarta mai hawa takwas ce, ita ma ta shekarun nan an yi ta ƙorafin tana karkarwa a hanya kamar ka hau gargada alhali titi lafiya lau, kuma man giyarta daban ne, ba jan man da ake aunawa a galan a bakin tasha ba. Shokazobanta na lantarki ne, wani ruwa mai garin ƙarfe ne a ciki da kwamfuta ke sarrafawa, na baya kuma da iska suke ɗaga ta, akwai ɗan kwamfuresa a ƙasa. Daɗin da kake ji a cikinta daga nan yake, kuma su ne farkon abin da ramukan damina ke kashewa. In suka mutu ba a faci, sai sabo, sai kaga bayan mota ya zauna. Yawancinsu rim 22 ne, taya 285/45R22, mai faɗi marar tsayi, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya kumbura gefenta ko ya lanƙwasa rim, je ka tambayi masu taya a Sabon Gari ko suna da sabuwa a ƙasa ka ji amsa. Allon taɓawar da ke gaba, wanda esi da rediyo duk ta nan ake bi, an san shi da tsagewa daga ciki ya daina jin yatsa, balle motar da zata wuni a rana ƙofar shago. Rediyon ma tsallake take, 90.1, 90.3, 90.5, tashar da lambarta ta faɗo tsakani bazata kama ta tas ba, OnStar, wato tsarin kiran agaji na GM, da taswirar da ke ciki kuwa ado ne a nan.

Ka ɗan zaga garejin da ake gyaran manyan motoci a Kaduna ko Kano wata rana, ka duba can ƙarshen fili. Da wuya ka rasa jif ɗin Amurka guda an ɗora shi kan duwatsu, an rufa masa tamfol, ƙurar hunturu ta kwanta a gilashi har yara sun yi rubutu da yatsa, kaji na kwana a ƙarƙashi. In ka tambaya sai a ce kaya ake jira daga waje. Sau da yawa abin da ake jiran bai fi tafin hannu ba, wani sensa ne ko ƙaramar ƙwaƙwalwa, an turo ɗaya bai yi daidai ba an sake oda, in ya zo ma sai an sami mai kwamfutar da zata iya yi masa saiti da motar, don ƙaramar na'urar da ake soka wa kowace mota karanta ciwo kawai take. Kayan Toyota kuwa in ka rasa a Sabon Gari yaro zai hau mota ya je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya dawo kafin magariba. Na Cadillac sai Ladipo a Legas ko Apo a Abuja in an dace, in ba a dace ba sai ka kira Yaya. Ka lura da wannan da kyau, duk wata uku kana kiran mutumin da ya maka kyauta kana cewa a turo kaza, a nan zumuncin da kake gudun ɓatawa zai fara tsami.

Sauran kuma ka san su. Faɗinta ya ɗan haura mita 2, in zaka gaida dangi a cikin Birni sai ka ajiye ta a bakin titi ka taka. Ranar da aka ganka a ciki kuɗin gudummawar biki ya tashi, mai bin ka bashi ya daina haƙuri, wanda kake bi yace ai Alhaji baya buƙata. Ga hanyoyinmu yadda suka zama, ba kowa ke son a riƙa nuna motarsa da baki ba. In kuma ta ishe ka kace zaka sayar, masu sayen irinta a Zariya ƙalilan ne, dillalai zasu taya ta kamar suna maka alfarma, filin Ɗanmagaji kuwa ko bara aka taya shi bana ya wuce nan.

Maganar uwargida. Ita ke riƙe da cefane, ta san abin da shagon ke kawowa a watan da kasuwa ta yi sanyi, kuma filin nan a ranta gidan 'ya'yanta ne ko kuɗin karatunsu. Ba hassada take wa motar ba, ita ce fa zata zauna a gaba. Ka same ta cikin dare bayan yara sun kwanta kace kin yi gaskiya, filin na nan, shikenan, ba sai ka haɗa da wa'azi ba. Ina ma ganin ba ƙin motar ne ya fi ɓata mata rai ba, jin da tayi an gama shawara a majalisa kafin a zo ɗakinta ne.

Yaya kuma kar ka ce masa baka so, kuma kar ka tura saƙon rubutu. Ka nemi ejan mai lasisi ya rubuta maka ƙiyasin kiliyarin da lambar VIN ɗin, ka haɗa da kuɗin mai na wata, sannan ka kira shi lokacin da ya tashi aiki. Ka fara da godiya da addu'a yadda ya kamata, sai kace Yaya na bincika ne don kada in kunyata ka, ga abin da fitowar zata ci, ni kuma bani da shi sai na sayar da fili, nace bazan yi ba sai na ji daga bakinka. Wallahi mutumin da ya biya maka makaranta bazai ce ka sayar da ƙasa don mota ba. Mutanenmu na can idan suka daɗe lissafin gida na kuɓuce musu, shi a ransa dala kaza ce kawai, bai san yadda take komawa in an juya ta naira ba. Daga nan sai ka kawo masa mafita da kanka, kace in da hali a canza zuwa wadda za a iya riƙewa a nan. Highlander ko Lexus RX sun ishe ka fita kunya, kuɗin kwastan ɗinsu bai kai nata ba, kuma kowane gareji an san su. In girman ne dai ake so akwai Toyota Sequoia, ita ma a Amurka ake yin ta, ƙirar 2016 ɗinta injinta 5.7 irin na Lexus LX 570 ne, mai dai zata sha kamar waccan amma bazaka rasa wanda ya san cikinta ba. Ko kuma ya turo kuɗin a ƙara a jari, ka sake Corollar zuwa sabuwa. In kaga nauyin bakin ya maka yawa ka bi ta wajen Hajiya in tana raye, ko wani kawunku da yake jin maganarsa.

In kuwa Yaya yace shi zai biya har kwastan kuma Escalade ɗin dai yake so ya ganka a ciki, toh karɓi abinka, amma da sharaɗi. A kai ta wurin masu dubawa a can kafin ta hau jirgi, a ɗaga kafet, a saurari injin da sanyin safiya, a duba da VIN ko akwai gyaran da kamfani ya yi kira a kawo, don a can kyauta ake yinsa, a nan kuwa ba mai yi maka. Ko a 2025 GM ta kira motoci kusan dubu 600 masu injin 6.2 ƙirar 2021 zuwa 2024 saboda matsalar cikin injin, wanda tasa ke Najeriya sai dai ya ji labari. A sa ta a kwantena maimakon jirgin da ake tuƙa mota a shiga, don a kwantena ne za a iya haɗo ta da kaya, filtar mai da ta iska da yawa saboda ƙurarmu, birki, fulogi, bel, man giya, katan ɗin baƙin mai, shokazoba ko da na baya ne, taya biyu, kuma a rubuta su a takarda kar a ɓoye wa kwastan. Kayan injin da na ƙafa a nemi na Yukon ko Tahoe masu lamba ɗaya, sau da yawa sun fi araha. Ka sami bakaniken da ya saba da motocin GM tun kafin ta iso, ko da a Kaduna ko Abuja yake, ka je ka ga garejinsa da idonka, ka ga irin motocin da ke fita ba waɗanda ke kwance ba. Ranar sabis ka sayi manka da kanka ka tsaya a zuba a gabanka, kar ka bari a taɓa tamostat, kar a fasa salansa a cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke ciki. Corollar kuma kar ka sayar, ita zata riƙa kai yara makaranta.

'Yan majalisa in sun tambaya kace ana kan magana, Yaya na duba wata. Sati biyu zasu yi su koma kan siyasa.